Jagorar Mayar da Ma'aikatun Gwamnati a Kaduna Kan Buɗaɗɗun Ƙa'idoji da Buɗaɗɗiyar Manhaja

Babu shekarar da za ta wuce ba tare da wata ma'aikata ko hukumar gwamnati ta ba da kwangilar manhaja ba, ko ta biyan albashi, ko ta karɓar haraji, ko ta rajistar filaye, ko ta adana bayanan marasa lafiya. Tambayar da ba a cika yi ba a ranar sa hannu ita ce: idan wa'adin kwangilar ya cika, ko aka ɓata da kamfanin, ko kamfanin ya durƙushe, a hannun wa bayanan suke, kuma a wane tsari za a karɓo su? An rubuta wannan jagora ne domin babban sakatare, da daraktan tsare-tsare, da jami'in sayayya, da shugaban sashen kwamfuta, waɗanda a kansu wahalar ke faɗawa idan ba a amsa wannan tambaya tun da wuri ba.

Abubuwa biyu ne ake yawan cakuɗa su, kuma dole a raba su tun daga farko. Buɗaɗɗiyar ƙa'ida tsari ne na ajiye bayanai ko musayarsu wanda aka wallafa shi a fili, wata ƙungiya da ba mallakar kamfani ɗaya ba take kula da shi, kuma kowa na iya aiki da shi ba tare da neman izini ko biyan kuɗi ba. Matsayinta ɗaya da na mudu a kasuwar hatsi: muddin mudun da kowa ya sani ne, mai saye yana iya barin wannan rumfa ya koma waccan, amma in mai rumfa ya zo da nasa ma'aunin da shi kaɗai ya san girmansa, to ciniki ya zama yadda ya ga dama. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda rubutun tushenta, wato umarnin da masu haɗa manhaja suka rubuta da hannunsu, yake a buɗe, kuma lasisinta ya yarje wa kowa ya yi amfani da ita, ya nazarce ta, ya gyara ta, ya raba wa wasu. Manhajar kamfani tana iya bin buɗaɗɗun ƙa'idoji ko da tushenta a rufe yake. Saboda haka ra'ayina shi ne a wajabta ƙa'idojin a kan kowa, ita kuwa buɗaɗɗiyar manhaja a fifita ta a duk inda ta biya buƙata.

Mataki na farko: a san abin da ke hannu

Kafin a rubuta wata manufa, sai a zaunar da mutum biyu ko uku su zagaya kowane sashe su rubuta duk manhajar da ake aiki da ita a jadawali. A gaban kowace a rubuta aikin da take yi, da kamfanin da ya kawo ta, da ranar da kwangilarta za ta ƙare, da abin da ake biya duk shekara da kuma ko da naira ake biya ko da dala, da inda bayanan suke zaune, da sunan muƙamin wanda ke riƙe da babbar kalmar sirri. Layi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci: shin za a iya fitar da dukkan bayanan yau, ba tare da kiran ɗan kwangila ba?

A wannan zagaye ne ake cin karo da abubuwan da babu rahoton da ya taɓa ambata. Za a iya tarar da cewa an yi rajistar adireshin shafin hukuma da imel ɗin wani ma'aikaci da ya yi ritaya, ko kuma sabar, wato babbar kwamfutar ajiya, da ke ɗauke da bayanan ma'aikata tana ofishin ɗan kwangila a Legas alhali a takarda an ce tana sakatariya. Za a kuma tarar da kwamfutoci masu ɗauke da manhajar ofis da aka saka ba tare da lasisi ba. A rubuta wannan yadda yake, kada a tsawata wa kowa a kansa, domin da zarar ma'aikata suka ji ƙanshin tuhuma, sauran amsoshin ba za su fito daidai ba. Adireshin da bai ƙare da gov.ng ba kuwa, a fara shirin mayar da shi can, tunda NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ce ke kula da wannan rukuni kuma ba ya bin mutum idan ya bar aiki.

Layin dala ya cancanci a tsaya a kansa. Kafin watan Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ya haura 1,500. Duk lasisin da ake sabuntawa da dala ya ninka fiye da sau uku a naira ba tare da an ƙara masa ko da maɓalli ɗaya ba. Haka nan a ƙirga kwamfutocin da ke kan Windows 10, wadda Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kowa da kowa a ranar 14 ga Oktoba 2025, domin da yawa daga cikin tsofaffin injinan ofis ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Waɗannan lambobi biyu su ne za su sa kwamishina ya saurara, fiye da duk wani bayani kan 'yancin manhaja.

Mataki na biyu: manufa gajeriya wadda ta jingina da abin da ake da shi

Ba a buƙatar kundi mai shafi ɗari. Shafi biyu ko uku sun wadatar, muddin sun faɗi abu uku: duk sabon tsari zai bi ƙa'idojin da aka lissafa, za a duba buɗaɗɗiyar manhaja kafin a sayi rufaffiya, kuma wanda ya zaɓi rufaffiya zai rubuta dalilinsa, sannan duk manhajar da aka rubuta musamman da kuɗin gwamnati, mallakar gwamnati ce.

Babu ko ɗaya cikin ukun da yake sabo a duniya. Birtaniya ta ayyana ODF a matsayin tsarin musayar takardun gwamnati da ake iya gyarawa a 2014. Indiya ta fitar da manufarta a 2015, wadda ta ɗora wa mai son sayen rufaffiyar manhaja nauyin kawo hujja. Amurka a 2016 ta umarci hukumominta na tarayya su saki aƙalla kashi 20 cikin ɗari na sabuwar manhajar da aka rubuta musu. A gida kuma akwai abin jingina: Najeriya ta shiga ƙawancen gudanar da gwamnati a buɗe na OGP a 2016, Jihar Kaduna ta shiga ɓangarensa na jihohi da birane a 2018, NITDA ta fitar da tsarin haɗa manhajojin gwamnati su riƙa fahimtar juna, wato Ne-GIF, a 2019, sannan ga Dokar Kare Bayanai ta 2023. Mai rubuta takardar neman amincewa ya nuna cewa cika alkawarin da aka riga aka ɗauka ake so a yi, don kada a ɗauke ta a matsayin sha'awar matasan sashen kwamfuta.

Wurin da aka ajiye manufar shi ke nuna tsawon ranta. Sakula daga ofishin shugaban ma'aikata tana saurin fita, amma tana saurin shiga durowa. Abin da ya fi ƙarko shi ne majalisar zartarwa ta amince, sannan a zuba sharuɗɗan cikin takardun neman tayin kwangila da hukumar kula da sayayya ta jiha, KADPPA, ke amfani da su, domin jami'in sayayya ba ya tuna sakula amma ba ya tsallake fom.

Mataki na uku: a zaɓi ƙa'idoji kaɗan, a tsaya a kansu

Ga takardun da ake gyarawa, ODF, wanda ya zama ƙa'idar ƙungiyar daidaita ƙa'idoji ta duniya, ISO, mai lamba 26300 a 2006, kuma LibreOffice, wato buɗaɗɗiyar manhajar ofis, da Microsoft Office duk suna buɗe shi. Ga takardun da aka kammala za a adana na shekaru, kamar takardun filaye da na fansho, PDF/A. Ga jadawalin lambobi, CSV. Ga musayar bayanai tsakanin manhaja da manhaja, JSON, tare da rubutaccen bayanin ƙofar musayar, wato hanyar da wata manhaja za ta bi ta nemi bayanai daga wata. Ga taswira, GeoJSON ko GeoPackage. Ga bayanan asibiti, FHIR. Ga bayanan kwangila, OCDS, wanda Kaduna ta riga ta fara wallafa kwangilolinta a kansa. Abin da ya kamata a hana kai tsaye shi ne wallafa kasafi ko ƙididdiga a matsayin hoton takarda da aka ɗauka da sikana, domin wanda yake son ya tara lambobin sai ya sake buga su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ƙa'ida guda da ta shafe mu fiye da yadda ta shafi Bature, ita ce Unicode, ƙa'idar da ta bai wa kowane harafi lambarsa a kwamfuta, a tsarin UTF-8. Waɗanda suka buga Hausa a kwamfuta kafin yaɗuwar wannan tsari sun san yadda ake yi: sai a saka wani salon rubutu na musamman wanda ya aro gurbin wata alama ya sa ƙ ko ɗ a ciki, ranar da aka buɗe takardar a wata kwamfutar sai alamun su dawo, rubutun ya dagule. Har yanzu akwai rumbunan bayanai da ke mayar da Ɗanladi ya koma alamar tambaya da “anladi” a bayanta, ko kuma su ƙi karɓar sunan da ke da hamza kamar Sa'adatu ko Jama'a. Idan sunan ma'aikaci ya zo da siffa ɗaya a rumbun albashi, wata siffar a na fansho, to ranar tantancewa shi ne zai yi ta safa da marwa. Gwajin mai sauƙi ne: kafin a karɓi kowace manhaja a shigar da sunaye goma masu ɓ, ɗ, ƙ, 'y da hamza, a adana, a nemo su ta akwatin bincike, a fitar da su zuwa CSV, a buga su a takarda. Wadda ta gaza a ɗaya daga cikin waɗannan ba ta kammala ba.

Haka batun sunayen wurare. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23, cikinsu akwai Kaura akwai Kauru, harafi ɗaya ne tsakaninsu. Wani ya rubuta Zaria, wani Zariya; wani Zangon Kataf, wani ya taƙaita shi Z/Kataf. Maganin shi ne jeri ɗaya na lambobin ƙananan hukumomi da gundumomi da makarantu da asibitoci, wanda hukuma ɗaya za ta riƙe, kuma Hukumar Ƙididdiga ta jiha ce ta fi dacewa da hakan, sauran duk su ɗauka daga can. Kwanan wata kuma a rumbu a rubuta shi shekara, wata, rana, kamar 2025-03-04, don kada wata manhajar da aka saita kan salon Amurka ta mayar da 4 ga Maris ya koma 3 ga Afrilu.

Mataki na huɗu: kwangila

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi, kuma idan ma'aikata ba za ta iya komai cikin wannan jagora ba sai abu ɗaya, to ta gyara kwangilarta.

A fara da takardar neman tayi. A bayyana aikin da ake so manhajar ta yi da ƙa'idojin da za ta bi, kada a ambaci sunan hajar wani kamfani. Idan aka rubuta cewa dole rumbun bayanai ya zama na kamfani kaza, an rufe ƙofa ga duk wanda zai kawo PostgreSQL, buɗaɗɗiyar manhajar rumbun bayanai, tun kafin a buɗe ambulan. A kuma nemi kowane mai tayi ya kawo kuɗin shekara biyar gaba ɗaya: saye, sabunta lasisi, horo, kulawa, masaukin sabar, da kuɗin fita. Tayin da ya fi arha a shekarar farko sau da yawa shi ne ya fi tsada a ta uku, lokacin da aka gano cewa ƙara kowane ma'aikaci ɗaya a tsarin yana da nasa farashin.

A cikin kwangilar kanta, sharaɗi na farko shi ne dukkan bayanai na gwamnati ne, kuma tana da ikon fitar da su gaba ɗaya a kowane lokaci, a buɗaɗɗen tsari, ba tare da ƙarin ko kwabo ba, tare da bayanin ma'anar kowane layi da kowace lamba. Wannan ƙarin na ƙarshe ba ado ba ne. Ana iya miƙa wa hukuma fayil mai layi dubu ɗari biyu, a saman wani jeri na tsaye an rubuta “st” kawai, ƙarƙashinsa 1 da 2 da 7, babu wanda ya san 7 ritaya take nufi ko rasuwa sai wanda ya rubuta manhajar.

Sharaɗi na biyu shi ne rubutun tushe ya riƙa shiga ma'ajiyar Git, wato wurin adana rubutun tushe da tarihin duk sauyin da aka yi masa, da gwamnati ta buɗe da sunanta, tun daga makon farko, kuma kowane kaso na biya ya rataya a kan hakan. Kada a yarda da alkawarin miƙa shi a filas ranar bikin ƙaddamarwa, domin abin da ake samu a irin wannan filas sau da yawa tsohon kwafi ne, ko wanda aka cire masa wani ɓangare. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: kafin biya na ƙarshe, ma'aikacin gwamnati ya zauna gaban sabar da babu komai a kanta, ya ɗauko abin da ke ma'ajiyar, ya bi rubutaccen bayanin da kamfanin ya bayar, ya tayar da manhajar da kansa, ɗan kwangila yana gefe yana kallo ba tare da ya taɓa komai ba. In ta tashi, an miƙa aiki. In ta ƙi, a rubuta inda aka maƙale, a gyara, a sake. Yini ɗaya ko biyu wannan gwaji ke ci, kuma ban san wani abin da ya kai shi tona gaskiyar aikin manhaja ba.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne: jerin duk manhajojin wasu da aka ɗora aikin a kansu da lasisin kowace, manyan kalmomin sirri da asusun masaukin sabar su kasance da sunan hukuma, kamfanin ya taimaka wa wanda zai gaje shi na tsawon watannin da aka ƙayyade, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin har sai an ci gwajin da aka ambata.

Kamfanoni za su ce rubutun tushe sirrin sana'arsu ne, kuma wani lokaci suna da gaskiya. Idan kamfani ya zo da manhajar da ya gina da kuɗinsa tun da daɗewa yana sayar wa jama'a, ba a tilasta masa ya buɗe ta. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ƙa'idoji da hanyar fitar da bayanai. Amma duk abin da aka rubuta sabo bisa buƙatar hukuma, da kuɗin jiha, wannan na jiha ne. A sa kamfanin ya lissafa abin da ya zo da shi a wani rataye tun kafin a fara, don kada a ƙarshe komai ya koma “namu ne tun da can”. Lauyoyin Ma'aikatar Shari'a su duba sharuɗɗan sau ɗaya, su zama samfurin da kowace hukuma za ta ɗauka.

Mataki na biyar: a fara daga inda ba za a ji zafi ba

Sababbin ayyuka da manhajojin da ke aiki a bayan fage su ne wurin farawa, domin babu wanda ya saba da wani abu da za a raba shi da shi. Ba ma baƙon abu ba ne a ofisoshinmu. Jami'an bayanan lafiya a ƙananan hukumomi sun shekara da shekaru suna shigar da rahoton wata a DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, wadda a kanta tsarin bayanan lafiya na ƙasa yake. SORMAS, buɗaɗɗiyar manhajar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke bibiyar annoba da ita, ta samo asali ne daga darasin cutar Ebola ta 2014, da haɗin gwiwar masanan Najeriya da na Jamus. Mai cewa irin wannan manhaja ba ta dace da aikin gwamnati ba, a nuna masa waɗannan biyu.

Daga nan sai a duba QGIS don taswira, KoboToolbox ko ODK don tattara bayanai da waya a ƙauyukan da babu sabis, tunda suna riƙe fom har a dawo inda za a tura, Moodle don horon malamai da ma'aikata, Nextcloud don ajiyar fayiloli maimakon yawo da takardun gwamnati a WhatsApp, da CKAN don shafin wallafa bayanai.

Sai dai ba duk abin da aka kira buɗaɗɗe ne ya cancanci amana ba. A duba yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe, mutum nawa ne ke aiki a kansa, ko wata cibiya ce ke bayansa ko mutum ɗaya ne da zai iya gajiya gobe, waɗanne gwamnatoci ke amfani da shi, kuma ko akwai aƙalla kamfani biyu a Najeriya da za su iya kula da shi. A kuma guji yi wa manhajar tiyata mai zurfi, domin wanda ya sauya cikinta sosai ba zai iya karɓar sababbin gyare-gyaren da masu ita ke fitarwa ba, sai ya wayi gari ya ɗaure kansa da igiyar da ya gudu daga gare ta.

Mataki na shida: kwamfutocin tebur, a hankali

Labarai biyu daga Turai sun isa darasi. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a 2003, zuwa 2013 ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000, sai a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bayan sauyin shugabanci da ƙorafe-ƙorafen da wasunsu na manhaja ne, wasunsu kuwa na rarrabuwar sassan kula da kwamfuta ne. Jandarmomin Faransa kuwa sun bi tsani: a 2005 suka sauya manhajar ofis zuwa OpenOffice, daga baya manhajar shiga intanet da ta imel, sai daga 2008 suka fara komawa Ubuntu, wani nau'in Linux, a lokacin da ma'aikaci ya riga ya saba da duk abin da zai tarar a ciki.

Tsanin nan shi ya kamata a bi. A saka LibreOffice a kan Windows ɗin da ake da ita, a bar tsohuwar manhajar a gefe na wasu watanni. A fara da sashe ɗaya wanda shugabansa yake so, ba wanda aka tilasta wa ba. Kafin ranar farko a sake gina samfuran takardu: kan wasiƙa mai tambarin jiha, takardar hutu, takardar biya, ajandar taro. A saka salon rubutu na Liberation, da Carlito, da Caladea, waɗanda faɗin haruffansu ya yi daidai da Times New Roman da Arial da Calibri da Cambria, domin abin da ke fara fusata mai buga takardu shi ne ya buɗe wasiƙar shafi ɗaya ya ga sa hannun babban sakatare ya zame zuwa shafi na biyu. Daga wannan rana ya gama yanke wa manhajar hukunci, kuma zai faɗa wa duk ofis.

Sashen kuɗi a bar shi zuwa ƙarshe. Akantoci da yawa suna da jadawalin Excel mai ɗauke da ƙananan umarni da wani ya rubuta shekarun baya, ba duka ne za su yi aiki a LibreOffice ba. A tattara su a gwada ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi a bar masa lasisinsa. Ofis mai kwamfuta ɗari da ya rage lasisi zuwa goma sha biyar ya yi abin kirki, ba sai ya kai sifili ba. Tsofaffin injinan da suka kasa hawa Windows 11 kuwa, musamman na ɗakunan kwamfuta a makarantu da na teburan da aikinsu duk a intanet yake, su ne suka fi dacewa a fara sa wa Linux.

Mataki na bakwai: mutane, kasafi da tsaro

Lasisin ne kyauta, kulawar ba kyauta ba ce. Kuskuren da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka shi ne a sa kuɗin kafawa a kasafin manyan ayyuka, a manta da sa na kulawa a kasafin yau da kullum. Duk abin da aka rage daga lasisi, a mayar da kaso mai kauri zuwa horo da kwangilar kulawa, wadda a wannan karon da naira ake biya, kuma kamfanonin cikin Kaduna da Zariya na iya nema.

Kowane tsari ya kasance akwai ma'aikatan dindindin aƙalla biyu da suka san shi, kuma a roƙi ofishin shugaban ma'aikata kada a yi musu canjin wurin aiki a lokaci ɗaya. Masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki daga ABU, da KASU, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna da amfani ƙwarai, amma shekara ɗaya ko watanni suke yi, don haka kada babbar kalmar sirri ta zauna a hannunsu, kuma duk abin da suka saita su rubuta shi a ma'ajiyar hukuma kafin a sa musu hannu a takardar sallama.

Game da tsaro, buɗewar rubutun tushe ba ta sa manhaja ta fi rauni, haka kuma ba ta mayar da ita garkuwa. A Disambar 2021 an gano wata ɓaraka a Log4j, wani ƙaramin ɓangare da dubban manhajoji suka dogara da shi, buɗaɗɗu da rufaffu. Gyaran ya fito cikin kwanaki, amma waɗanda suka sha wuya su ne waɗanda ba su ma san yana cikin tsarinsu ba, kuma amfanin jerin da aka nema a kwangila ke nan. A ware rana ɗaya a wata don saka gyare-gyare, a ajiye kwafin bayanai a wani gini dabam, kuma duk wata uku a gwada dawo da kwafin a wata sabar, domin a tabbatar yana buɗuwa.

Mataki na takwas: a raba, a auna

Manhajar da jiha ta mallaka tana iya yi wa ƙananan hukumomi 23 aiki da biya ɗaya, maimakon kowace ta sayi tata. Kafin a wallafa rubutun tushe ga jama'a a tace shi, a tabbatar babu kalmar sirri ko bayanan wani mutum a ciki, har a tsofaffin kwafin da ma'ajiyar ke riƙe da su. Idan ana so kowa ya ɗauka ba tare da sharaɗi mai yawa ba, lasisin MIT ko Apache ya isa. Idan ana so duk wanda ya gyara ya raba wa wasu shi ma ya buɗe gyaransa, sai a ɗauki GPL. Istoniya ta saki X-Road, manhajar da hukumominta ke musayar bayanai a kai tun 2001, ƙarƙashin MIT a 2016, kuma Finlan da wasu ƙasashe suna aiki da ita.

A ƙarshen kowace shekara a dawo da jadawalin mataki na farko a sabunta shi, a fitar da lambobi huɗu a miƙa wa majalisar zartarwa tare da daftarin kasafi: tsare-tsare nawa ne aka gwada fitar da bayanansu aka yi nasara, kwangiloli nawa cikin na bana suka ɗauki sababbin sharuɗɗan, nawa aka biya da dala idan aka kwatanta da bara, sannan manhajoji nawa ne ma'aikacin gwamnati ya iya tayarwa da kansa daga ma'ajiya. Tsarin da ya faɗi gwajin fitar da bayanai, kuma kwangilarsa za ta ƙare cikin wata goma sha biyu masu zuwa, shi za a sa a saman jerin aikin baɗi, a kuma rubuta wa kamfanin tun yanzu cewa sabuntawa ta rataya a kan sababbin sharuɗɗan.